Sirrin Majiyyaci a Zamanin Kwamfuta: Sharhi a kan Dokokin 2014 da 2023 Bisa Ma'aunin Asibitocin Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti a ƙasar Hausa ya san cewa kafin a ga likita sai an yanki kati. A wurin yankan katin nan ne ake fara tambayar mutum sunansa da na mahaifinsa, da shekarunsa, da unguwarsu, da lambar wayarsa. In ya shiga wurin likita kuma sai tambayar ta ƙara zurfi, har ta kai ga abubuwan da bai taɓa gaya wa mahaifiyarsa ba. Dukkan abin da ya faɗa, da abin da awon jini da na fitsari da hoto suka nuna, rubutawa ake yi a adana. A da, wannan rubutu yana zaune ne cikin fayil a kan kanta a ɗakin kati, wanda duk ya so ganinsa sai ya tako da ƙafarsa. Yanzu kuwa sannu a hankali yana komawa cikin kwamfuta da wayar hannu, inda mutum zai iya kwashe bayanan dubban majiyyata, ko ya kulle su, alhali yana zaune a wata ƙasa.

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan dokoki biyu da Nijeriya ta kafa waɗanda suka shafi wannan al'amari, watau Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Za mu auna su ne da halin da asibitocin ƙasar Daura suke ciki, domin mu ga inda suka dace da mutanen da aka yi su dominsu, da kuma inda suka bar giɓi. Ra'ayinmu, kamar yadda za mu yi ƙoƙarin nunawa, shi ne dokokin sun faɗi gaskiya game da haƙƙin majiyyaci, amma majiyyacin da suka zana a zuciyarsu bai cika kama da wanda ke zuwa asibiti daga Baure ko Sandamu ba, kuma sun kula da rubutu fiye da yadda suka kula da na'urar da rubutun ke ciki.

2.0 Asibitocin Ƙasar Daura a Matsayin Sarƙa Guda

Kafin mu shiga cikin dokokin, ya kamata mu san fagen da muke magana a kai. Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina, watau Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. A cikin garin Daura akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai asibitin Rundunar Sojan Sama wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a 2019, akwai kuma makarantar koyon aikin lafiya da ke yaye ma'aikata. A ƙauyuka kuwa ƙananan asibitoci ne na sha-ka-tafi da ɗakunan shan magani. A gefe guda ga asibitoci masu zaman kansu, da ɗakunan awo na 'yan kasuwa, da shagunan sayar da magani.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka kowane ɗaya zaman kansa yake yi, tun da iyayen gidansu dabam-dabam ne: wannan na tarayya, wannan na soja, wancan na jiha, wancan na ɗan kasuwa. To, amma in muka bi sawun bayanin majiyyaci guda ɗaya za mu ga sarƙa ce. Mace mai ciki za ta fara awo a ƙauyensu, a rubuta ta cikin rajista. In haihuwa ta zo da gardama a rubuta takarda a tura ta Daura. A can a aika da jininta ɗakin awo, wani lokaci na cikin gari. In abin ya faskara a wuce da ita Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Malam Aminu Kano. In tana cikin tsarin inshorar lafiya, bayaninta zai tafi ofishin hukumar inshora domin a biya kuɗi. Ƙarshen wata kuma alƙaluman asibitin su hau manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙira, Nijeriya kuma take amfani da ita wajen tara ƙididdigar lafiya. In cuta ce mai yaɗuwa, rahoto zai bi ta manhajar SORMAS zuwa Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa. Ke nan sunan mace ɗaya zai iya ratsa hannu shida ko bakwai, kuma ko ta ina aka sami sakaci, asirinta ne ya tonu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon nan kuwa tsawonsa daga Kwangwalam ne har Abuja.

3.0 Abin da Dokokin Suka Ƙunsa

Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ta keɓe sashe na 25 zuwa na 29 ga bayanan majiyyata. Ta wajabta wa shugaban kowane asibiti ya adana bayanin kowane majiyyaci. Ta ce dukkan abin da ya shafi lafiyar mutum da maganin da aka yi masa da zamansa a asibiti sirri ne, ba a bayyana shi sai in shi kansa ya yarda a rubuce, ko kotu ko wata doka ta nema, ko iyaye ko mai riƙo sun nema a madadin yaro ko wanda ba ya iya ba da izini, ko kuma in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti nauyin tsare bayanan daga wanda ba shi da izini, sa'an nan ya jera laifuffuka, kamar sauya rubutu, da kwafarsa, da lalata shi, da kutsawa cikin kwamfutar da yake ciki. Hukuncin mai laifi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ne, ko tarar naira 250,000, ko duka biyu.

Dokar Kare Bayanan Jama'a kuwa Shugaba Bola Ahmed Tinubu ne ya sa mata hannu a watan Yuni na 2023, bayan an yi shekara huɗu ana aiki da ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar a 2019. Ita ce ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. Ta sa bayanin lafiya cikin jerin bayanai masu tsananin sirri. Ta umurci mai riƙe da bayanai ya ɗauki matakan tsaro, har ta ambaci kulle bayanai da lambobin sirri, da iya dawo da su in sun salwanta, da gwada tsaron lokaci lokaci. In aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, dole a sanar da Hukuma cikin awa 72, in haɗarin babba ne kuma a sanar da su mutanen da kansu cikin magana mai sauƙin ganewa. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, wanda duk ya fi yawa, ta sauran kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100.

Lalle ne mu yaba abin da ya cancanci yabo. Kafin dokokin nan, sirrin majiyyaci ya fi dogara ga rantsuwar likita da ladubban ƙungiyoyin ma'aikata, waɗanda ba su kama magatakardan ɗakin kati ko mai gyaran kwamfuta ba. Yanzu doka ta kama kowa. Haka kuma dokar 2023 ta faɗi wata magana da ta yi mana daidai ƙwarai, watau cewa shirun mutum ba yarda ba ce. A ƙasar da kunya ke hana yarinya ɗaga kai gaban likita, balle ta ce ba ta amince ba, wannan ƙa'ida kariya ce babba.

4.0 Inda Dokokin Suka Gaza

4.1 Majiyyacin da Doka ta Zana

In mun karanta dokokin da kyau za mu ga suna magana ne da mutum ɗaya tilo, mai karatun boko, mai wayar kansa, wanda shi kaɗai ke zuwa asibiti ya kuma yanke wa kansa shawara. Sassan dokar 2014 da muka ambata sun yi kama ƙwarai da na dokar lafiya ta Afirka ta Kudu ta 2003, ita kuma ta 2023 ta bi sawun dokar Tarayyar Turai wadda ta fara aiki a 2018. Aro ba laifi ba ne, amma rigar aro ba ta cika rufe jiki ba.

Mu ɗauki sharaɗin yarda a rubuce. Da yawa daga cikin mutanen karkarar Daura karatun allo suka yi, suna iya karanta ajami, amma takardar da za a miƙo musu da Turanci take. Abin da ke faruwa shi ne a nuna musu wurin dangwala yatsa su dangwala. Dokar 2023 ta sassauta, ta karɓi yarda da baki, ta kuma ce in wata doka ta saɓa mata a kan sha'anin bayanai ita za a bi. To, amma ma'aikacin jinya a ƙauye ba lauya ba ne da zai zauna yana tantance wace doka ce ta rinjayi wata.

Sa'an nan ga batun wanda ya kawo mara lafiya. A al'adarmu ba a barin mutum ya je asibiti shi kaɗai. Miji ko uwar miji ko ƙanin miji ne ke raka mace, shi ke biyan kuɗi, shi ke karɓo sakamakon awo, sau da yawa ma lambar wayarsa ce ke kan katinta. Idan asibiti ya soma tura sakamako ta saƙon waya, kamar yadda wasu suka fara yi, to a idon doka an aika wa majiyyaciya ne, a zahiri kuwa an aika wa mijinta, ko wanda duk wayar ke hannunsa a majalisa. Mu tuna abin da irin wannan saƙo zai iya ɗauka: cutar ƙanjamau, ko ciwon hanta, ko rashin haihuwa, ko cikin da bai kai a faɗa ba, ko taɓin hankali, ko yoyon fitsari. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya kashe aure, ko ya hana budurwa miji, ko ya sa a daina cin abinci da mutum. A Jihar Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, abin da ke nuna cewa takardar ɗakin awo ta zama abin da ke ɗaura aure ya kuma warware shi. Dokokin nan biyu ba su ba ma'aikaci wata hanya bayyananniya ta rarrabe ɗan rakiyar da majiyyaci ya amince masa da wanda kunya ce kawai ta hana a kore shi ba.

Akwai kuma matsalar suna. A unguwa guda za a sami Aisha Musa biyar, kuma in ba a san ranar haihuwa ba sai magatakarda ya rubuta 1 ga Janairu. Wata matar ma alkunya za ta hana ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. A zamanin takarda ma'aikacin da ya san fuskokin mutane yakan gyara kuskure. Kwamfuta kuwa ba ta san fuska ba, in ta haɗe fayil biyu sai sakamakon wata ya hau kan wata. Wannan ma tonon asiri ne, kuma yana iya kaiwa ga ba da maganin da ba shi ba.

4.2 Ɓarawon Cikin Gida

Mafi yawan maganar da ake yi kan tsaron bayanai tana zana ɓarawo ne a matsayin baƙo, gwanin kwamfuta daga ƙetare. A gari kamar Daura, inda kusan kowa ya san kowa, mun fi jin tsoron wanda ke da makulli a hannunsa. Da ɗan gari akan ci gari. Magatakardan da zai buɗe fayil ɗin maƙwabciyarsa don son jin ƙwaƙwaf bai fasa ƙofa ba. Abin da ya faru a Singafo darasi ne: a Janairun 2019 gwamnatin ƙasar ta bayyana cewa sunaye da bayanan mutum 14,200 masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau sun fita intanet, kuma hanyar fitarsu ta biyo ne ta wurin wani likita da aikinsa ya ba shi damar shiga rajistar.

Mun taɓa zama a wani asibiti, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, muka ga kalmar sirrin kwamfutar ɗakin an rubuta ta a takarda an manne a jikin allon, kowa da ke aiki a ɗakin da ita yake shiga. A irin wannan hali ko da asiri ya fita babu yadda za a gane wanda ya fitar da shi, saboda haka hukuncin sashe na 29 ba shi da wanda zai hau. Haka nan ya zama ruwan dare ma'aikata su ɗauki hoton takardar awo ko na ciwo da wayarsu su tura wa likita ta WhatsApp. Ba mugunta ke sa su ba, neman ceton rai ne cikin gaggawa, kuma babu wata hanyar da aka tanadar musu. Amma hoton yana nan cikin wayar bayan an sallami majiyyaci, wayar kuwa yara na wasa da ita a gida, ana kai ta wurin mai caji da mai gyara, ana kuma sayar da ita. Wayar ma'aikaci ita ce na'urar asibiti mafi yawa a ƙasar Daura, ga shi kuwa dokar 2014 ba ta san da zamanta ba.

4.3 Na'urorin da Aka Manta

Giɓi mafi girma a ganinmu shi ne na na'urori. Injin hoton ƙashi na zamani, da na sikanin ciki, da na awon jini, kowanne kwamfuta ce a cikin akwati, kuma da yawansu suna aiki ne da tsofaffin manhajoji. Kamfanin Microsoft ya daina yi wa Windows XP faci a 2014, ya daina yi wa Windows 7 a 2020, alhali injin asibiti yakan yi shekara goma ko fiye yana aiki. Injin da aka daina yi wa faci kamar gida ne da ɓarayi suka san katangarsa ta faɗi.

Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry, irin wadda ke garkuwa da bayanai har sai an biya fansa, ta faɗa wa asibitocin gwamnatin Ingila. Ta taɓa kimanin kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin ƙasar, aka soke ganin likita da ayyuka wajen 19,000, wasu asibitoci suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Abin takaici, facin da zai hana wannan ya fito tun watan Maris, ba a dai liƙa shi ba ne. A Mayun 2021 irin haka ta sami dukkan tsarin lafiya na ƙasar Ayaland, kuma bincike ya nuna mafarin abin ma'aikaci ɗaya ne da ya buɗe wata takarda da aka liƙo a saƙon imel tun watan Maris. A Yunin 2024 aka kai wa kamfanin Synnovis mai yi wa asibitocin Landan awon jini hari, har aka shiga ƙarancin jinin da ake ƙara wa kowa, daga baya kuma hukuma ta tabbatar jinkirin sakamako yana cikin dalilan mutuwar wani majiyyaci. A cikin wannan watan dai aka durƙusar da hukumar ɗakunan awo ta gwamnatin Afirka ta Kudu, likitoci suka koma karɓar sakamako ta wayar tarho. Waɗannan ƙasashe sun fi mu kuɗi da ma'aikata. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin lura a nan shi ne a dukkan misalan nan cutarwar farko ba ta tonon asiri ba ce, tsayawar aiki ce: likita ya rasa tarihin majiyyaci, ɗakin tiyata ya rasa sakamakon jini. Dokar kare bayanai kuwa, bisa yanayinta, ta fi damuwa da wanda ya ga bayani. Amurka ta gane haka, shi ya sa tun 2023 ba a karɓar sabuwar na'urar asibiti mai shiga intanet sai mai ƙera ta ya nuna yadda zai riƙa toshe ɓarakarta, bayan da a 2017 aka yi kiran na'urorin daidaita bugun zuciya kimanin 465,000 domin a gyara manhajarsu. Dokokinmu biyu ba su ɗora wa mai sayar da inji ko mai ba da shi kyauta irin wannan nauyi a fili ba, ga shi kuwa kaya da yawa a asibitocin Arewa kyauta ce ko kwangila, ana buɗe su da biki, mai kawowa ya tafi ba ya waiwaye.

Har ila yau, a wurinmu ba sai ɓarawo ya zo ba bayanai ke ɓacewa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, aka yi watanni a haka. Ƙasar Daura ba ta cikinsu, amma abin ya nuna sadarwa tana iya yankewa da umurni guda. A Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako babu wutar lantarki. Asibitin da ya watsar da takarda ya rungumi kwamfuta ba tare da sola da kwafin ajiya ba, ya fafe gorarsa ne ranar tafiya.

4.4 Tara da Iyaka

Tarar naira 250,000 tana da nauyi a 2014, lokacin da dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba. A 2024 dala ta haura naira 1,500, saboda haka tarar ta koma ƙasa da dala 200, kuɗin da bai kai na wayar hannu mai kyau ba. Ita kuwa tarar dokar 2023, in aka ɗora ta kan asibitin gwamnati, daga ina za a biya? Daga kuɗin magani da na man janareta, watau majiyyacin da aka cuta shi zai sake biya. Bugu da ƙari, kai ƙara yana bukatar mutum ya san akwai Hukuma, ya san hanyar isa gare ta, ya kuma yarda ya sake faɗin asirin da ya tonu gaban wasu baƙin. Bahaushe kuwa yakan ce na bar wa Allah, domin magana zarar bunu ce, kuɗin diyya ba sa mayar da ita.

Sai batun iyaka. Mutanen Matamaye da Magarya da sauran ƙasar Damagaram 'yan'uwan Daurawa ne, suna ƙetarowa neman magani kamar yadda suke zuwa kasuwar Mai'aduwa. Ba su da lambar ɗan ƙasa ta Nijeriya, kuma in asibiti ya mai da wannan lamba mabuɗin fayil, sai su ari ta wani, bayanin mutum biyu ya cakuɗe. Ƙungiyar ECOWAS ta yi dokar kare bayanai tun 2010, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Saboda haka musayar bayanin majiyyaci tsakanin likitan Daura da na Damagaram, abin da annoba kamar sanƙarau ke tilastawa, yana bukatar sabuwar yarjejeniya.

5.0 Dalilin da Ya Sa Abin ya Dame Mu

Wani zai ce asibitin da ke fama da ƙarancin likita da magani, ina shi ina zancen kalmar sirri? Amsarmu tana cikin tarihin da muka gani da idonmu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200, 11 suka rasu, iyaye kuma suka yi ta ƙorafin ba a yi musu bayani ba. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba a koma ba sai a 2004, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, Nijeriya kuma ba ta sami shaidar rabuwa da ita ba sai a 2020. Amana in ta karye tsakanin jama'a da asibiti, gyaranta shekaru yake ci. Ranar da aka ji a Daura cewa sunayen masu karɓar maganin ƙanjamau suna yawo a waya, to washegari rabin layin ba zai zo ba, kuma waɗanda suka ƙi zuwa ba warkewa suka yi ba.

6.0 Shawarwari

Na farko, a fassara takardun neman yarda da bayanin haƙƙin majiyyaci zuwa Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. A riƙa tambayar majiyyaci shi kaɗai, kafin ɗan rakiya ya shigo, wa ya amince a gaya wa, kuma wayar wa ce ke kan katinsa.

Na biyu, kowane ma'aikaci ya sami kalmar sirrinsa shi kaɗai, kwamfuta ta riƙa rubuta wanda ya buɗe kowane fayil, a kuma sa wani ya riƙa duba wannan rajista. Wanda ya bar aiki ko aka yi masa canji a rufe ƙofarsa a ranar. Wannan bai bukatar kuɗi mai yawa, horo yake bukata.

Na uku, kowane asibiti ya ƙidaya na'urorinsa, ya san manhajar da ke cikin kowace. Injin da ba ya karɓar faci a raba shi da intanet da kuma filashin kowa da kowa. Kada a karɓi inji, ko na kyauta ne, sai da yarjejeniyar wanda zai kula da manhajarsa da tsawon shekarun da zai yi yana kulawa.

Na huɗu, a riƙa ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da sauran kwamfutoci, a gwada dawo da shi lokaci lokaci, a kuma koya wa sababbin ma'aikata aiki da takarda domin ranar da allo zai yi duhu.

Na biyar, Majalisar Tarayya ta sake duba sashe na 26 da na 29 na dokar 2014, ta daidaita su da ta 2023, ta sa batun na'urori a ciki. Makarantar koyon aikin lafiya ta Daura ta sa riƙon sirri cikin darussanta. Fadar Mai Martaba Sarkin Daura da limaman Juma'a, waɗanda suka taimaka wajen karɓar rigakafi, suna iya tuna wa jama'a da ma'aikata cewa addini ya hana tonon asiri tun kafin a zo da doka.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun duba dokoki biyu, mun ga sun tabbatar wa majiyyaci haƙƙin da ya daɗe yana bukata, mun kuma nuna wurare huɗu da suka gaza in aka auna su da ƙasar Daura: siffar majiyyacin da suka zana, da ɓarawon cikin gida, da na'urori, da kuma tara da iyaka. Hausawa sun daɗe da sanin cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ungozoma da wanzami da mai magani kuwa da wannan tarbiyya suka riƙe asirin gidaje tun kafin zuwan asibiti. Aikin da ke gabanmu shi ne mu shigar da wannan tarbiyya cikin ɗakin kati da ɗakin awo da wayar ma'aikaci. Muna fata malamai da ɗalibai, musamman masu nazarin harshe, za su taimaka wajen samar da kalmomi da takardun Hausa da wannan aiki ke bukata, masana lafiya da shari'a kuma su gyara mana inda muka yi kuskure.